Rigar da Ba Ta Son Ruwa

Wata 'yar ƙara ce, tsurrr, kamar an karkata buta a kan busasshiyar tabarma. Ina bakin ƙofar ɗakina ina tace gasarar kunun buɗa-baki na ji ta, har na ci gaba da aikina, don ban kawo komai a raina ba. Sai da na ji dariyar yarona sannan gabana ya faɗi. Watansa bakwai a lokacin. Na kwance masa ƙunzugu saboda ƙurajen zafi, na kwantar da shi can ƙarshen gado yana barci, ashe ya farka ya mirgino har kan rigar da aka shimfiɗa a ɗaya gefen. Na tarar da shi rigingine a kanta yana wasa da yatsun ƙafarsa, ya riga ya gama abin da zai yi.

Rigar ba ta gidanmu ba ce. Ta wani dattijon malami ce da ke jan sallar idi a wani ƙauye can wajen Birnin Malam. Babbar riga ce saƙi, rinin shuni mai duhu, da aikin hannu na farin zare tun daga wuya har aljihu. Ta mahaifinsa ce ya gada, kuma sau biyu kaɗai yake sa ta a shekara. Ranar saura kwana uku Salla.

Abin da ya kawo ta ɗakina shi ne sana'ar surukina, Allah Ya jiƙansa da rahama. Mai wanki da guga ne. Sa'ad da aka kawo ni gidan a Sabon Garin Jega, ban daɗe da gama sakandare ba, ƙawayena har tsiya suke yi mini, wai na huta da sayen sabulu. Ina dariya, amma a zuci abin yana ɗan sosa ni. Ban san ko wane ne mutumin ba tukuna.

Labarinsa a bakin uwar mijina na ji shi, wadda muke kira Inna, don shi ba mai magana a kan kansa ba ne, ni kuma tsakanina da shi gaisuwa ce daga durƙushe. Daga wajen Andarai ya zo Jega yana saurayi, da riga ɗaya a wuyansa. A bakin gulbi ya fara, yana wanke wa fatake kayansu ranar kasuwa, ya shanya a kan rairayi, ya naɗe kafin la'asar. Daga nan ya sami dutsen guga na gawayi. Daga ɗaukar ƙunshi a ka ya koma keke, daga keke ya kama rumfa, rumfa ta zama shago. Lokacin da na zo gidan, ana kawo masa kaya daga Aliero da Maiyama, kowane gari da ranarsa, kuma 'ya'yansa maza duk a shagon suke.

Bai yi boko ba, kuma bai yarda da rubuta suna a jikin tufar mutane ba. Zare yake amfani da shi. A cikin lafin riga, inda ido ba ya kaiwa, zai soka allura ya ɗaura: ja na Aliero, kore na Maiyama, baƙi na cikin gari, sannan yawan ƙulli ya nuna gidan. Inna ta ce ko hula ɗaya ba ta taɓa jin ta ɓata a hannunsa ba. Kayan 'yan albasar Aliero igiyarsu daban, bahonsu daban, don a cewarsa warin albasa ya fi maƙwabci shiga gida. Kafin tufa ta taɓa ruwa sai ya laluba kowane aljihu da kansa. Goro, carbi, asuwaki, makulli, duk abin da ya samu zai ƙulle shi a tsumma da zaren gidan, ya koma wa mai shi tare da kayansa. Abin da ya fi burge ni kuwa, bakinsa. Mai wanki yana ganin abin da ko maƙwabci bai gani ba: wanda ciwo ya kama yana ɓoyewa, tsohon da ya fara kasa riƙe kansa, gidan da riga ɗaya ce take yawo tsakanin 'yan'uwa uku. Shekarun da na yi a gidan ban taɓa jin ko ɗaya ya fito daga bakinsa ba.

Maigidana ne ya kawo sabon wanki, wanda ba a sa ruwa, da wani mai mai wari kamar kananzir. A Sakkwato ya koyo shi. Baba, wato surukin nawa, bai hana ba, don ya ga yana ceton kayan da ruwa ke lalatawa. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Duk wanda ya kawo tufa ya ce a yi mata wannan wankin, sai an tambaye shi ko wani abu na najasa ya taɓa ta. Yakan ce man nan yana fid da dauɗa, amma tsarki na ruwa ne, kada mutum ya ɗauki riga tana ƙyalli ya tsaya gaban Ubangiji da ita alhali ba ta tsarkaka ba.

Rigar malamin nan kuwa ita ce irin wadda aka yi sabon wankin dominta. Rininta tsoho ne, in ya ji ruwa zuba yake yi, kuma farin aikin ne zai sha shi. An yi mata wankin mai, ta fito fes. Shago ya cika da kayan Salla, ga na 'yan albasa har rufi, sai Baba ya ɗauko ta da hannunsa ya kawo gida don ta sha iska warin man ya fita. Ɗakina ya zaɓa, saboda shi ne nesa da hayaƙin murhu. Ya tsaya daga waje, ya aiko 'yar farina da saƙo. Shekarunta biyar, a ɗakin Inna take kwana, ni Anti take ce mini, shi kuma tsoho. Ita ce 'yar aikenmu ni da shi, tunda ba ma doguwar magana. Ta ce, "Anti, tsoho yac ce a shimfiɗa wagga bisa gado, kar kowa ya taɓa." Ranar har wani daɗi na ji, don ban taɓa ganin ya ajiye kayan mutane a ɗakin wata suruka ba.

To, ga abin da na yi, kuma ba na jin daɗin faɗinsa. Na sure yaron na ajiye shi ƙasa. Na leƙa tsakar gida, ba kowa. Na ɗauki tsumma na danne jiƙon har ya tsotse. Akwai ragowar man wankin a wata kwalba da maigidana ya bari a bayan ƙofa, na tsiyaya a ƙyalle na goga a wurin, na goga kewayensa, na ƙara gogawa gaba don kada ya bar zobe. Na juya rigar na goga ta baya. Na yi mata fifita har ta bushe. Da na ɗaga ta a haske, wallahi ko ni da na san abin da ya faru ban ga komai ba. Na juya ta sau biyu ko uku ina dubawa, sannan na sake shimfiɗa ta, na koma kan gasarata.

Na sha ruwa da magariba, na ture kwanon abinci gefe. Na tsaya salla, ina karatu, zuciyata tana kan gado. Ba jahilci ne ya sa ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun muna 'yan Islamiyya aka karantar da mu cewa fitsarin jariri najasa ne, kuma ruwa ne ke kawar da shi. Na san abin da na yi ɓoyewa ce, ba wankewa ba. Sai na riƙa ba kaina haƙuri: ai malam bai sani ba, wanda bai sani ba kuwa ba shi da laifi. In na faɗa, dole a sa mata ruwa, in aka sa mata ruwa ta lalace, sunan Baba da ya yi shekaru yana tattalinsa ya zube saboda ni. In na yi shiru, dattijo zai tsaya gaban jama'ar gari guda da ita. Duk inda na juya, sai na ga sahun mutane a bayansa.

Washegari da hantsi na ji muryar Baba a tsakar gida yana ce wa Inna a ɗauko masa rigar, zai naɗe ta. Yana zaune a kan tabarma gindin darbejiya, ya shimfiɗa farar takardar naɗi a gabansa. Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Ban san lokacin da na fito ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na durƙusa a bayan Inna, na ce,

"Inna, ki hwaɗa ma Baba akwai magana bisa rigar."

Tsakaninsa da ni bai fi taku uku ba, yana ji sarai. Amma haka ake yi. Inna ta ce, "To, ka jiya. Wai akwai magana."

"Ta hwaɗi," in ji shi, idonsa a kan takarda.

"Inna, yaro ne yay yi hitsari bisanta. Jiya da la'asar."

Inna ta saki tiren shinkafa a cinyarta. "Innalillahi! Wanga ɗan banzan ango nawa, duk gadon bai ishe shi ba sai rigar liman?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ba komi. Yaro ba ya da hankali. Tambaye ta wane wuri ne. In wuri guda ne, tahin hannu ɗai za mu wanke, ko aikin ba za ya ji ba."

Nan ne na gane girman abin da na yi. Na buɗe baki in ce hannun hagu, sai na tuna na juya rigar. Ko dama ne? Babbar riga in an shimfiɗa ta ta fi gado faɗi, na ninka ta, na buɗe, na goga mai gaba da baya har na wuce wurin. Ƙa'idar kuwa kowa a gidan ya san ta: in an san wurin najasa, shi kaɗai ake wankewa, in ya ɓace, sai tufar duka.

"Inna, na goge da man shago. Na jujjuya ta. Yanzu ban iya gane wurin."

Kaza ta zo tana tsattsagar shinkafar da ta zube, Inna ba ta ko kore ta ba. Can Baba ya ce, ba da faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi,

"Da jiya tah hwaɗi."

Maigidana ya shigo ana cikin haka, da ya ji sai ya hau sama. Ya fara da ni, sannan ya juya wajen mahaifinsa ya sassauta murya. Ya ce rigar nan in ta ji ruwa ta tafi, kuma ai malamai sun ce sallar wanda bai san da najasa ba ta yi. Baba ya ce, "Tashi sallar ta yi. Tamu fa? Mu da munka sani munka naɗe munka miƙa mai?" Ya tashi ya ce a fito da babur. Ba zai sa wa rigar mutum ruwa ba sai da izinin mai ita.

Suka tafi ƙauyen can wajen Birnin Malam cikin ranar nan, da azumi a bakinsa, mutumin da ya haura saba'in. Abin da ya faru can daga baya maigidana ya ba ni labari, bayan ya huce. Ya ce Baba ya durƙusa gaban malamin ya ce, "Malam, na zo da laihi. Najasa ta taɓa rigarka a gidana, a hannuna, kuma wurin ya ɓace muna." Bai ce suruka ba, bai ce mace ba. Malam ya tambaya najasar me, da aka ce jariri ne sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Jikan naka ya riga ni shiga rigar idi ke nan." Sannan ya ce rigar tun yana yaro yake ganinta a jikin mahaifinsa, ba zai ɓoye ba, zai ji ciwo in ta lalace. Amma rigar da ba a salla da ita, in ji shi, ta zama kayan akwati. A wanke.

Ba a shago aka yi wankin ba. Da suka dawo Baba ya ce a gida zai yi, da ruwan rijiya, da hannunsa. Ya sa aka ɗaura sabuwar igiya a inuwa, ya rataya rigar a buɗe yadda aikin yake sama, don ruwa ya fara bi ta kan farin kafin ya ɗauko shuni ya gangara da shi ƙasa. Ba sabulu, ba cuɗawa, ba matsewa. Ba wanda ya sa ni, na ɗauki guga na tsaya bakin rijiya. Ina ja, ina cika bokiti, yarinyar tana tsaye tsakaninmu tana kai magana.

"Ce ma uwar ɗakinki ta ƙaro."

"Anti, tsoho yac ce ki ƙaro."

"Ke kuma matsa can, amaryar banza, kar ki koma shuɗiya in rasa mai aurenki."

"Ni ban sonka, ba ka da haƙora!"

Yana tsokanarta, amma idonsa bai bar zaren ba. Da ƙoƙo yake ɗiba, ya hau kan turmi da aka kife, ya zuba a hankali daga kafaɗa, bakinsa yana motsi. Ruwan da ke sauka ƙasa shuɗi ne kamar an jiƙa bula. Duk ƙoƙon da ya zuba sai na ji kamar daga jikina rinin yake fita. Ya bi ta gaba, ya bi ta baya, ya buɗe kowane lafi ya zuba, bai bar ko faɗin yatsa ba. Na ga hannuwansa a ranar da kyau, abin da kunya ba ta taɓa bari na yi ba. Fatar tafin ta yi fari ta tsattsage, faratan sun cinye, ga tabon ƙunar gawayi birjik a bayan hannun. Da waɗannan hannuwan aka gina ɗakin da nake kwana, aka biya sadakina, ni da nake jin nauyin a ce surukina mai wanki ne.

Da ya gama ya ɗauko tsofaffin fararen zannuwa masu tsabta, ya riƙa danna su a kan aikin suna tsotse ruwan, yana canzawa. Ya zauna gadinta a inuwa har ta sha iska, yana juya ta kada rana ta taɓa ta. Ranar jajibiri da safe ya shimfiɗa ta a kan gungume ya yi mata bugu da itace irin na da, wanda 'ya'yansa ba su iya ba, har ƙyallinta ya dawo.

Ba ta fita lafiya lau ba, gaskiya ɗaya ce. Jikin rigar ya yi kyau, amma farin zaren wajen aljihu ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi kamar sararin sama da sassafe. Wanda bai san ta ba ba zai lura ba. Baba ya daɗe yana kallon wurin, ya shafa shi da babban yatsa. Ya naɗe ta, ya kai da kansa, kuma maigidana ya ce kafin malam ya buɗe, shi ya fara nuna masa inda ta zuba. Malam ya sa ta ya ja idi.

Ni kuwa Sallar nan ban san daɗinta ba. Na yi tuwo, na yi miya, na yi wa yara kwalliya, na je na gaishe da Baba ya amsa kamar kullum, "Lahiya lau, Allah Ya yi albarka." Bai ƙara ba, bai rage ba. Da ma ba hira muke yi ba, balle in gane daga muryarsa. Inna ta ce in kwantar da hankalina, ya wuce. Maigidana ma ya daina zancen. Amma ni na san abin da na zubar. Mutum ya zaɓi ɗakina cikin ɗakunan gida, na saka masa da ɓoye-ɓoye na kwana guda, kuma kwanan nan guda shi ya jawo aka jiƙa rigar duka. Na yi istigfari, na roƙi Allah Ya yafe mini, amma ta yaya suruka za ta je ta ce wa uban mijinta ya yafe mata? Ko na je, bakin ba zai buɗe ba. Duk sanda na ji tsayuwar babur a ƙofar gida da kayan shago, sai na kasa kunne, in ji an wuce da su ɗakin Inna. Na ce a raina shi ke nan, kuma ban ga laifinsa ba.

Haka aka yi wajen mako uku. Ran nan da hantsi, ranar da ake kawo kayan Maiyama, ina durƙushe ina wanke wa yaron jiki a baho, na ji Baba ya yi sallama ya shigo. Na ja mayafi na gaishe shi daga inda nake. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa da yarinyar a bakin zaure, tana ƙyalƙyala dariya, yana cewa ta maimaita don kada ta manta. Sai ga ta a guje, ta tsaya a kaina tana haki, ta riƙe ƙugu kamar wata babba.

"Anti, tsoho yac ce ki kakkaɓe gadonki, ga alkyabbar wani malami nan ta Maiyama, ɗakinki za a aje ta. Yac ce in wani abu ya taɓa ta ke ɗai ce za ki hwaɗi. Amma wai don Allah ki sa ma angon Inna wando."